Me ya haɗa safiyo da mai zayyanar fili a kamfanin injiniyoyi?

Dokokin gini a ƙasashe da dama sun sauya salo a 'yan shekarun nan. A yankin Wales na Birtaniya, tun daga Janairun 2019, ginin da ya kai murabba'in mita 100 sai hukuma ta amince da tsarinsa na riƙe ruwan sama da tsotse shi kafin a fara aiki. A Ingila, daga Fabrairun 2024, an wajabta wa masu manyan gine-gine su bar wa tsirrai da ƙananan halittu mazaunin da ya fi wanda suka tarar da aƙalla kashi 10 cikin 100. Tarayyar Turai ma ta kafa dokar farfaɗo da muhalli, wadda ta fara aiki a Agustan 2024, kuma cikin sharuɗɗanta akwai cewa kada korayen filayen birane su ragu nan da 2030.

Da zuwan irin waɗannan dokoki, kamfanonin da aka sani da gada da kwalbati da titi suka shiga neman ma'aikata iri biyu a lokaci guda: masu awon ƙasa da masu zayyanar fili. Wanda ke kallo daga waje zai iya rikicewa. Ɗaya yana tsaye a rana da na'ura a kan ƙafa uku, ɗayan yana ofis yana zaɓen itatuwa da ciyawa. Abin da ya haɗa su shi ne ruwa, domin ruwa ba ya bin zane, gangare yake bi, kuma gangaren da ake magana sau da yawa bai wuce 'yan santimita ba.

## Wa ke yin me

Mai awon ƙasa, wanda aka fi sani da safiyo, yana amsa tambayoyi uku game da kowane ɗigo a fili: ina yake, mene ne tsayinsa, kuma a cikin iyakar wa ya faɗa. Sana'a ce tsohuwa, kuma tun asali tana da alaƙa da ambaliya. A tsohuwar Masar, idan Kogin Nilu ya cika ya shafe iyakokin gonaki, masu awo da igiya ne ke dawowa su sake fitar da su. Yau igiyar ta koma na'urar auna kusurwa da nisa, da na'urar karɓar saƙon taurarin ɗan'adam, da jirgi marar matuƙi mai ɗauke da kyamara ko hasken leza. A kamfani, sashen awo ba mutum ɗaya ba ne. Akwai 'yan fili masu ɗauko lambobi, akwai masu sarrafa su a kwamfuta su zama taswira, akwai kuma safiyo mai lasisi wanda ke sa hannu, kuma shi doka za ta tambaya idan lamba ta saɓa.

Mai zayyanar fili kuwa yana tsara duk abin da ke wajen gini: inda za a yi tudu da inda za a yi kwari, inda ruwa zai bi da inda zai tsaya, irin ƙasar da za a zuba, irin shukar da za ta rayu, da hanyar da mutane za su taka. Mutane da yawa suna ɗaukar aikin a matsayin kwalliya, amma tarihinsa bai nuna haka ba. Frederick Law Olmsted, wanda shi da Calvert Vaux suka ci gasar zayyana babban lambun Central Park na birnin New York a 1858, ya yi wani aiki a Boston a shekarun 1880 wanda asalinsa maganin ambaliya da ƙazantar ruwa ne, sai dai ya fito da kamannin fadama da wurin shaƙatawa.

Idan aka ce zayyana mai jure sauyin yanayi, ana nufin fili da aka tsara domin ya karɓi ruwan sama mai yawa, ko zafi mai tsanani, ko fari, ya kuma koma aiki bayan abin ya wuce ba tare da an sake gina shi ba. Kayan aikin sun haɗa da kwarin ciyawa mai jan ruwa a hankali, da lambun da aka sauke ƙasa domin ruwa ya taru ya nutse, da daɓe mai ƙofofin da ruwa ke ratsawa, da itatuwan inuwa. Injiniya shi ke lissafin yawan ruwan da zai zo da faɗin bututun da zai kwashe ragowar.

## Dalilin da tsohon lissafi ya daina isa

An daɗe ana gina magudanan ruwa bisa zato guda: ruwan da aka gani a shekarun baya shi ne ma'aunin wanda za a gani a gaba. Injiniya zai ɗauko bayanan ruwan sama na shekara 30 ko 50, ya fitar da abin da ake kira ambaliyar shekara 100, ya yi gini daidai da ita. Wannan suna yana ruɗar mutane. Ba ya nufin sau ɗaya a ƙarni. Yana nufin a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta auku, wanda idan aka tara a shekara 30 ya kai kusan kashi 26 cikin 100.

Ɗumamar duniya ta taɓa tushen wannan lissafi. Iska tana ƙara riƙe danshi da kusan kashi 7 cikin 100 a duk ƙarin zafi na digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas, saboda haka idan ruwa ya tashi sauka yakan sauko da ƙarfi. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna zafin duniya a tsakanin 2011 da 2020 ya ɗara na ƙarshen ƙarni na 19 da kusan digiri 1.1, kuma teku ta hau da kimanin santimita 20 daga 1901 zuwa 2018.

Ga kuma birane da suka rufe ƙasa da kwalta da kankare. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan ruwan milimita 50 a kan hekta ɗaya lita 500,000 ne. Idan gona ce ko daji, kaso mai yawa zai nutse. Idan filin ajiye motoci ne, kusan duka zai kwarara zuwa lambatu cikin mintuna kaɗan. Faɗaɗa bututun ƙarƙashin ƙasa a tsohon birni aiki ne mai tsadar gaske, shi ya sa hankali ya koma ga riƙe ruwan a saman ƙasa. Da zarar an koma saman ƙasa kuwa, tsayin kowane lungu ya zama magana.

## Tsayi, amma daga ina?

Nan ne ainihin aikin safiyo yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure ba a sani ba. A ɗauki fili shimfiɗaɗɗe mai gangaren mita ɗaya a kilomita ɗaya. Idan aka yi kuskuren santimita 10 wajen auna tsayi, layin da ake zaton ambaliya za ta tsaya zai gusa da mita 100 a ƙasa. Cikin wannan mita 100 ana iya samun layin gidaje guda. Haka nan lambun da aka haƙa domin ya karɓi ruwan titi, idan bakinsa ya ɗara gefen titin da santimita 3 kacal, ruwan zai wuce shi ya tafi, lambun ya zauna a bushe.

GPS ɗin wayar hannu yakan yi kuskuren mitoci, kuma ya fi rauni wajen tsayi. Na'urar safiyo tana karɓar saƙo daga taurarin Amurka da na Rasha da na Turai da na Sin, tana gyara lissafinta da wata tasha da aka san matsayinta, har ta sauko da kuskuren zuwa 'yan santimita. Duk da haka lambar da tauraro ke bayarwa tsayi ne daga wata siffa ta lissafi da aka ƙirƙira domin wakiltar duniya, ba daga matakin teku ba. Tazarar da ke tsakanin biyun takan kai kusan mita 100 a wasu sassan duniya. Dole a juya lambar zuwa ma'aunin da ruwa ke bi.

Kowace ƙasa kuma tana da mafarin awonta, wato sifilin da take ƙirga tsayi daga gare shi. Abin da ya faru a garin Laufenburg, inda aka gina gada a kan Kogin Rhine tsakanin Jamus da Suwizalan a farkon shekarun 2000, ya zama darasi a makarantun awo. Jamus tana ƙirge daga matakin teku a Amsterdam, Suwizalan tana ƙirge daga na Marseille, kuma akwai bambancin santimita 27. Injiniyoyin sun san da bambancin, amma aka yi gyaran ta baibai, sai tazarar ta ninka ta zama santimita 54. An gano matsalar ana cikin gini aka gyara.

A birnin New Orleans na Amurka ba a yi wannan sa'ar ba. Bayan guguwar Katrina ta 2005, wadda ta kashe mutum sama da 1,000, binciken da rundunar injiniyoyin sojan Amurka ta jagoranta ya gano cewa wasu katangun tare ruwa sun yi ƙasa da tsayin da aka tsara musu. Daga cikin dalilan akwai ɗaukar wani tsohon mafarin awo a matsayin daidai da matakin tekun wurin alhali ba haka ba ne, da kuma nutsewar ƙasa a hankali. Ba wannan kaɗai ya fasa katangun ba, akwai kurakuran zayyana da na harsashi, amma ya rage musu ƙarfin kariya tun kafin guguwar ta iso.

Nutsewar ƙasa ita ce dalilin da ya sa awo ba ya zama na dindindin. A arewacin Jakarta an auna wuraren da ke sauka da santimita 10 zuwa sama da 20 a shekara, galibi saboda yawan jan ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa Indonesiya ta yi dokar ƙaura da babban birninta a 2022. Wasu unguwannin Tokyo sun sauka da kimanin mita 4 a ƙarni na 20 kafin a taƙaita haƙar rijiyoyi. A irin waɗannan wurare turken awon da aka kafa shekara 20 da suka wuce yana nan inda yake, amma lambar da ke rubuce a kansa ta zama ƙarya.

Akwai kuma tarkon taswirorin kyauta. Shekaru da yawa ana ƙiyasin haɗarin hawan teku da bayanan tsayi da kumbon Amurka ya ɗauko a 2000, masu faɗin kusan mita 30 a kowane ɗigo. Matsalarsu ita ce sukan auna saman itatuwa da rufin gidaje a maimakon ƙasa. Da masu bincike na cibiyar Climate Central suka gyara wannan a 2019, ƙiyasin mutanen da ke zaune a ƙasar da ambaliyar teku za ta iya shafa duk shekara nan da 2050 ya tashi daga miliyan 79 zuwa miliyan 300. Tekun ba ta sauya a cikin lissafin ba, awon ƙasar ne ya sauya.

## Yadda aikin ke gudana idan suna gida ɗaya

A tsohon tsari, safiyo yakan zo da farko ya miƙa taswira ya tafi, injiniya ya gama titi da lambatu, sannan a kira mai zayyana ya cike guraben da suka rage da shuke-shuke. Sabon tsarin ya juya jerin. Mai zayyana yana gaya wa safiyo abin da yake buƙata tun kafin a fita fili: tsayin bakin ƙofofi, gindin manyan itatuwa, ƙasan kowane kwalbati, tsoffin hanyoyin ruwa da aka cike. Safiyo kuma yana dawowa sau biyu ko fiye, na farko ya kafa turakun da masu haƙa za su bi, na biyu ya auna abin da aka gina a zahiri domin a gwada shi da zane.

Manyan kamfanoni sun bi wannan hanya ta hanyar saye. AECOM ta haɗe da kamfanin zayyana na EDAW a 2005. Ramboll ta Denmak ta sayi Atelier Dreiseitl a 2013, wato ofishin da ya zayyana lambun Bishan-Ang Mo Kio na Singafo, inda aka fasa magudanar kankare mai tsawon kilomita 2.7 aka mayar da ita rafi mai lanƙwasa da ke bazuwa cikin lambun idan ruwa ya yi yawa.

Sauran sanannun ayyuka duk a kan gangare suka tsaya. A Bankok, lambun cikar Jami'ar Chulalongkorn shekara 100, wanda Kotchakorn Voraakhom ta zayyana aka buɗe a 2017, an karkata shi da digiri 3 domin ruwa ya gangara da kansa zuwa tafkin da ke ƙarshensa. A birnin Rotterdam na Holan, dandalin Benthemplein da aka buɗe a 2013 filin wasa ne a ranar da babu ruwa, idan an yi ruwa kuma ya zama matattarar kusan lita miliyan 1.7. Birnin Copenhagen na Denmak, bayan mamakon ruwan 2 ga Yulin 2011 da ya jawo asarar sama da krona biliyan 6 a kuɗin ƙasar, ya fitar da shiri a 2012 mai ayyuka kusan 300, inda aka sake gyara wasu tituna domin su zama hanyar ruwa na ɗan lokaci.

## Inda ra'ayi ya rabu

Saɓani na farko tsakanin masu goyon bayan koren fili ne da masu goyon bayan kankare. Masu ra'ayin farko suna cewa fili mai tsotse ruwa yana aiki kullum: yana rage zafi, yana tace ƙazanta, yana ba jama'a wurin hutu, alhali bututu yana kwance ne yana jiran ranar ruwa. Suna kafa hujja da Holan, ƙasar da ta fi kowa sanin katangar ruwa, wadda bayan kwashe mutum kusan 250,000 a ambaliyar 1995 ta ƙaddamar da shirin ba koguna sarari a wurare sama da 30, har aka ja da katangar da ke birnin Nijmegen baya da mita 350.

Masu ra'ayi na biyu suna nuna birnin Zhengzhou na ƙasar Sin. Sin ta fara shirin birane masu tsotse ruwa kamar soso a 2015, bisa tunanin da marigayi Farfesa Kongjian Yu na Jami'ar Peking ya daɗe yana yaɗawa, kuma Zhengzhou ta zuba kuɗi mai yawa a irin wannan aiki. A ranar 20 ga Yulin 2021 aka yi ruwan milimita 201.9 cikin awa ɗaya, kusan mutum 380 suka mutu ko suka ɓace a birnin. Masu kare shirin sun amsa cewa ba a tsara shi domin ruwa irin wannan ba, kuma babu bututun da zai iya kwashe shi. Hujjojin ɓangarorin biyu sun fi nuna cewa koren tsari yana da tasiri a kan ruwan da ake yawan samu, amma yana da iyaka idan ƙasa ta ƙoshi, shi ya sa Copenhagen ta haɗa lambuna da manyan ramukan ƙarƙashin ƙasa.

Saɓani na biyu a cikin sana'ar awo yake. Jirgi marar matuƙi yana ɗauko miliyoyin ɗigo a yini ɗaya, aikin da a da yake cin makonni, saboda haka wasu shugabannin kamfani suna ganin an rage buƙatar ma'aikatan fili. Safiyo-safiyo suna cewa kyamara ba ta ganin ƙasan ciyawa mai kauri, ba ta shiga cikin kwalbati, kuma hotonta ba ya zama awo sai an ɗaure shi da turakun da mutum ya auna a ƙasa. A aikace ayarin fili ya ƙanƙance, amma aikin tantance bayanai a ofis ya ƙaru, kuma ƙungiyoyin sana'ar a Amurka da Birtaniya da Ostireliya sun daɗe suna kokawa cewa masu lasisi suna tsufa, matasa ba sa shigowa yadda ake buƙata.

Na uku shi ne ko ya dace safiyo ya zama ma'aikacin kamfanin da ya yi zayyanar. Zama gida ɗaya yana rage ɓata lokaci da ɓacewar bayanai. Sai dai idan awon ƙarshe ya nuna an gina tafki ƙasa da girman da aka yi alkawari, wanda zai rubuta hakan albashinsa daga kamfanin yake fitowa. Lasisi da tsoron rasa shi su ne kariyar da doka ta tanada, wasu masu ba da kwangila kuma suna ƙara da ɗauko mai awo na daban ya duba aikin.

## Abin da ya shafi mazauna

Lambar safiyo tana shiga aljihun mutum ta hanyoyin da ba ya gani. A Amurka akwai takardar shaidar tsayin gida, wadda safiyo ko injiniya mai lasisi ke cikewa, kuma tana iya tasiri a kuɗin inshorar ambaliya da izinin gini. A duk inda aka sabunta taswirar ambaliya da awo mai inganci, wasu gidaje sukan fita daga yankin haɗari wasu su shiga, kuma darajarsu a kasuwa takan bi layin.

Ruwan da aka kawar daga wani fili dole ya je wani wuri. Mai gini da ya cike filinsa ya ɗaga shi da rabin mita ya tsira, amma maƙwabcin da ke ƙasa da shi ya gaji ruwan. Awon da aka yi kafin gini da wanda aka yi bayansa su ne shaidar da kotu ko hukuma za ta iya dogara da ita a irin wannan rikici.

Batun mallaka ya fi nauyi ga marasa ƙarfi. Wuraren da ruwa ke taruwa su ne filaye mafiya araha, kuma a birane da yawa na duniya mazaunansu ba su da takardar mallaka. Aikin ba rafi sarari yana nufin wani zai tashi, kuma wanda sunansa bai shiga rajistar awo ba yana iya rasa diyya. Ruwanda ta nuna ana iya rufe wannan giɓi da sauri, domin daga 2009 zuwa 2013 ta fitar da iyakokin filaye sama da miliyan 10 da hotunan sama da ma'aikatan da aka horar daga cikin al'umma, duk da cewa irin wannan awo na iyaka bai kai ingancin da zayyanar magudanar ruwa ke buƙata ba.

Ko inda babu tashi, akwai farashin da ake biya. A New York, aikin kare gabar gabashin Manhattan bayan guguwar Sandy ta 2012 ya ƙunshi ɗaga lambun East River da kimanin mita 2.5, abin da ya sa aka sare itatuwa kusan 1,000 aka kuma rufe sassan lambun na shekaru, mazauna unguwar suka rabu gida biyu a kansa. Masu nazarin birane sun kuma lura cewa sabon lambu mai kyau yakan ɗaga kuɗin haya a kewayensa, har waɗanda aka yi aikin dominsu su kasa zama.

Sai kulawa bayan an gama. Kwarin ciyawa yana cika da laka, daɓe mai ratsa ruwa yana toshewa da ƙura, tafkin da aka haƙa yana rage zurfi kowace damina. Girman da aka rubuta a ranar buɗewa ba shi ne girman da ke nan bayan shekara 10 ba, kuma ba a sanin abin da ya rage sai an sake aunawa. Dokar Ingila da ta fara aiki a 2024 ta ɗora wa mai gini kula da mazaunin halittun da ya samar na aƙalla shekara 30, a Wales kuma hukumar ƙaramar mulki ce ke karɓar magudanan da ke yi wa gida fiye da ɗaya aiki ta ci gaba da kula da su. A wuraren da doka ba ta faɗi wanda zai biya kuɗin yashe laka da sake awo ba, kwangilar kamfanin takan ƙare ne a ranar miƙa aiki.